Rana a Bayan Inna

Duk wanda ya san kasuwar Gadarif a shekarun baya ya san cewa in kana son hoto a wajen yayana Haladu, to ka zo kafin la'asar ta yi sanyi. Da zarar inuwar shagon Abdelrahman tela ta tsallaka kwata ta taɓa bakin ƙofarsa, sai ya jawo ƙyaure, ya rataya kyamara a wuya, ya hau keke ya nufi bayan gari. Ko ango ne a zaune a kan kujera da rawaninsa, sai dai ya dawo gobe. Mutanen layin suka laƙaba masa Haladu Magariba, har baƙi suna zaton sunan garinmu ke nan. Ni ce ƙanwarsa Atine, shekara shida ya ba ni, kuma rabin rayuwata na yi shi ne ina yi masa tsiya a kan wannan hali. Yau shekara goma sha wani abu ke nan da rasuwarsa, shagon ma an mayar da shi wurin sayar da caja da rigar waya, amma har yanzu in na bi ta layin sai na tsaya na dubi ƙofar.

Ba da hoto ya fara ba. Direban tarakta ne a gonakin Simsim, inda ƙasa take a shimfiɗe ba dutse ba tudu, rana ta yi ta saukowa a gaban idonka har ta taɓa ƙasa. Shekara tara yana huɗa yana kallonta, har abin ya shiga ransa. Wani mutumin Eritriya da yaƙi ya koro ya sayar masa da kyamara 'yar Rasha, baƙa, mai nauyin tsiya, ya nuna masa inda ake sa filim, ya kama gabansa. Lokacin muna Mafaza. Na tuna ranar da ya kawo hotunansa na farko gida, yana wani ɗaga kai. Mahaifiyarmu, Inna Hanatu, ta karɓi ɗaya ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta tambaye shi wa ya fasa ƙwai a kan baƙin kasko. Ya ce faɗuwar rana ce. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta miƙa masa abinsa.

Amma Haladu irin mutanen nan ne da dariya ba ta korarsu. Ya yi ta ɓata filim har ya iya. Da ya buɗe shago a Gadarif sai ya ɗauko Inna ya dawo da ita wajensa a Deim Bakur, ni ma aure ya kawo ni unguwar, gida uku tsakaninmu. Abincinsa hoton katin shaida ne da na biki, a gaban wani labule da aka zana teku da jirgin ruwa, a garin da ake sayen ruwa a bayan jaki. Faɗuwar rana kuwa ba mai saye. Don kansa yake yi, ya zuba a cikin gwangwanin biskit.

Ya sha yi mini karatun da ban tambaya ba, har na haddace. Ya ce kada ka auna haske a kan ranar ita kanta, don za ta yi wa kyamara ƙarya komai ya fito baƙi. Ka auna a kan sararin da ke gefenta, kamar faɗin tafin hannu. Ya ce idon kyamara a tsuke shi zuwa takwas ko sha ɗaya, don in ka buɗe shi gaba ɗaya gefen komai yakan narke. Filim kuma mai lamba ɗari, ban da mai ɗari huɗu, wanda ya ce yana fitar da sama kamar an watsa mata tsaki. To, ido in ya tsuke haske kaɗan ke shiga, dole kyamara ta daɗe a buɗe, kuma a wannan ɗan lokaci ko numfashi ka yi hoton ya tashi aiki. Shi ya sa yake kafa ta a kan ƙarfen nan mai ƙafa uku, ba ya ma danna ta da yatsa. Akwai wani ɗan hannu a gabanta da ake murɗawa, ya yi ta kuka kamar gyare har daƙiƙa goma, sannan ta ɗauka da kanta. Shi kuma ya koma gefe ya harɗe hannu a baya kamar ɗan makarantar da ya yi laifi. Gilashin kuwa sau uku yake goge shi da wani tsohon ƙyalle mai laushi da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Abu na ƙarshe, ya ce wawa ne ke tafiya da zarar rana ta ɓace, don launi mai kyau yana zuwa ne bayan nan da kamar minti goma. Wannan ne dalilin da ya sa limamin unguwarmu bai taɓa ganinsa a sahun farko na magariba ba. Yawanci a daji yake yin ta, shi kaɗai, da 'yar butarsa a ɗaure a bayan keke.

Bayan juyin mulkin tamanin da tara gari ya canza, sana'arsa ma ta canza. Ya sauke hotunan amare daga gilashin shago. Wasu da suka saba shan jabana, gahawar nan tamu mai citta, a bakin ƙofarsa suka fara yi masa wa'azi cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto, kuma washegari su dawo neman hoton fasfo guda shida. Shi kuwa ya ɗauke su. Samari suka riƙa zuwa a ɗauke su kafin a tafi da su sansanin soja daga nan a wuce fagen yaƙi a kudu, bayan wasu watanni iyayen wasunsu mata su dawo da ɗan hoton a ƙulle a bakin mayafi, su ce a ƙara masa girma. Wannan aikin ne kaɗai na taɓa ganin yana yi fuska a murtuke. Sai kuma wata yamma wasu masu kaki suka same shi a bayan gari ya kafa ƙarfensa. Suka ce ina takardar izini, suka ce tsakaninsa da ranar akwai wani gini da ba a ɗauka. Ya rantse bai ma lura da gini ba, kuma na yarda da shi, don Haladu in rana tana faɗuwa ko raƙumi ne a gabansa ba ya gani. Suka zare filim ɗin a idonsa, suka sa ya yi ta zirga-zirga kwana uku, daga baya suka mayar masa da kyamarar. Ƙafa ukun dai ba ta dawo ba. Ya ci gaba da fita, yana riƙe kyamarar da hannu, amma hotunan suka koma dishi-dishi, ya daina nuna mana.

A cikin wannan hali labarin Kawu Wada ya zo.

Inna tana da shekara bakwai iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, Tudun Gawo, za su Makka a ƙasa. Yayanta Wada, mai shekara goma sha biyu, aka bar shi wajen kakansu ya taya shi noma, da alkawarin shekara uku za a dawo. Shekara huɗu suka yi kafin ma su ga Kogin Nilu, suna tafe suna ƙwadago a gonakin mutane. Mahaifinta ya rasu a Mafaza, tafiya ta tsaya nan. Ban taɓa jin Inna ta ce Najeriya ba. Yamma take cewa. Mu mutanen Yamma ne, gishirin Yamma ya fi wannan, a Yamma ba haka ake ɗaura zani ba. A bakinta gida da lokacin faɗuwar rana sunansu ɗaya. Ta ce a hanya in ta yi ta kukan Wada, uwarta takan nuna mata rana ta ce ga ta can za ta kwana a Tudun Gawo, ki faɗa mata saƙonki. Har ta tsufa, in rana ta yi ja takan fuskance ta tana motsa leɓe. Mu duk zatonmu zikiri take yi.

A hajjin casa'in da huɗu maƙwabcinmu Alhaji Kassim, mai sayen ƙaro, yana layin ruwa a Mina sai ya ji wani a bayansa ya ambaci Tudun Gawo. Ya juya. Kafin su kai bakin famfo ya gano mutumin sunansa Sale, kuma ɗan Wada ne, kuma Wada yana raye. Sai dai Sale ya ƙi ɗaukar labarin ya kai gida. Ya ce sau biyu ana kawo wa tsohon irin wannan albishir, sau biyu ana tarar da wata Hanatu ce daban, na biyun ma wata guda ya yi a kwance. Ba zai sake yi masa haka ba. A kawo hoto. Ya ce mahaifinsa kullum yana cewa akwai shaidar da shi da kansa ya yi mata a fuska, in ya gani zai sani. Sale yana zuwa umara kowane azumi, suka yi alkawarin haɗuwa ranar goma ga wata.

Da Alhaji Kassim ya zo nan a labarinsa, Inna ta yi dariya har ta sarƙe. Ta kamo yatsana ta ɗora a kumatunta na hagu. Tana da zube irin na gidansu, dogaye daga gefen baki zuwa kunne. Ta ce ranar sunanta wanzami yana cikin aiki, Wada ya shigo a guje yana bin ɗan tsako, ya bangaji gwiwar hannun mutumin, aska ta goce. Tsaga ta uku ta rabu biyu a kusa da kunne. An yi masa dukan da bai manta ba, kuma duk lokacin da suka yi faɗa suna yara sai ya ce mata ai shi ya yi mata alama kamar akuyarsa. Na shafa na ji rabuwar a ƙarƙashin yatsana. Shekara arba'in da uku ina kallon fuskar nan ban taɓa lura ba, don tsufa ya riga ya haɗiye zuben a cikin tamoji. Na ji kunya ƙwarai a ranar.

Haladu ya ce ai wannan aikin minti biyar ne. Ya kai ta shago, ya zaunar da ita gaban teku da jirgi, ya haska mata filas. Da ya wanke, sai ga fuska sumul kamar an goge ta da dutsen guga, ido a rufe rabi, ba tsaga ba alamarta. Inna ta duba ta ce wannan matar asibiti take tana jiran a kira sunanta, ita ba ta san ta ba. Sannan ta faɗi abin da take so. A kai ta bayan gari, a ɗauke ta rana tana faɗuwa a bayanta.

"Inna, in rana tana bayanki fuskarki baƙi ƙirin za ta fito, kamar inuwa," in ji shi. "Kawu tsaga yake son gani, ba rana ba."

"Shekara sittin da huɗu ina aika masa saƙo da ita, ya Haladu. In ya gan ni ban da ita, wa zai gaya masa ni ce mai aiken? Ba kai ne kake cewa kai musawwir ba ne, gwanin hoto? To ga ni, ga rana. Halas."

Ya ce to ta fuskanci ranar, shi ya ba ta baya, fuskarta za ta fito kamar zinariya. Ta ce ba ta so. Ya ce a yi da filas a waje. Ta ce abin nan mai rufe mata ido ba zai sake kusantarta ba, shi ma ya san filas ɗin ne ke shafe tsagar. Haka suka ja daga har damina ta wuce, aka yanke riɗi, aka kai dawa rumbu. Kowa da taurin kansa, don daga wajenta ya gado. In ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ni ce mai kai gulmar wannan wajen wancan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. Sai da Sha'aban ya kama, Alhaji Kassim ya ce saura kwana goma sha biyu ya tafi Sawakin ya hau jirgin ruwa, sannan dariya ta ƙare mini. Na ga da gaske tsoffin nan biyu za su iya mutuwa kowa bai san ɗan'uwansa yana numfashi ba, saboda hoto guda.

Ni na kawo maganin, ko da yake Haladu har ya bar duniya yana cewa shi ya gano. Wata la'asar ina tsakar gidansa ina dirje babbar siniyar Inna da toka, tiren alminiyam ɗin nan da ake jera abincin buɗa baki a kai a fitar wa maza waje. Na ɗaga ta don in ga ko ta fita, hasken rana ya tashi daga kanta ya mari Haladu a ido yana shan jabana. Ya buɗe baki zai yi mini masifa, sai ya tsaya da bakin a buɗe. Ya ce in juya ta wajen Inna. Inna tana kan angareb, gadonta na igiya, ta ba rana baya tana tsince wake. Hasken ya sauka a fuskarta. Ya ce in koma hagu. In ƙara. In sunkuya. Da hasken ya zo mata daga gefe, yana shafar fatar a kwance, kowace tsaga ta yi 'yar inuwarta, zuben nan suka tashi ɗaya bayan ɗaya kamar kunyoyin gona. Inna ta kare ido da hannu ta ce mu biyun Allah ya shirye mu.

Saura inda za a kafa kyamara. Ya gwada buhun dawa, ya ce tsabarta ta yi girma, tana zamewa. Ya gwada buhun riɗi, ya danna kyamarar a ciki, ta zauna daram kamar kaza a kan ƙwai. Yana da filim mai launi guda ɗaya tak, mai ɗauka ashirin da huɗu, da ya ɓoye a ƙarƙashin randa don sanyi, kuma ba inda ake wanke irinsa da kyau sai Khartum. Ya zaɓi wata masussuka a yammacin gari, nesa da duk wani abu da za a ce gini ne. Muka ɗauki amalanken jaki: Inna, buhu, siniya, kujera, da tsohuwar ganga da za a ɗora buhun a kai. Matan unguwa suna leƙowa suna tambaya ko ƙaura muke yi.

A can ya yi mini bayani, wannan karon kuma na saurara. Ya ce ba yadda za a yi kumatu da rana su fito tar su biyun, ɗaya yana nan kusa ɗaya yana ƙarshen duniya. Zai saita a kan kumatun hagu, ya tsuke ido zuwa sha ɗaya don ranar ta riƙe da'irarta ko da ta ɗan yi laushi. Hakan zai sa kyamarar ta tsaya a buɗe ɗaya cikin talatin na daƙiƙa, mafi jinkirin da take iyawa. Lokacinmu kuma ƙanƙane ne: in rana tana sama ta yi zafi da yawa ta ƙone hoton, in ta taɓa ƙasa ba ta da ƙarfin da siniya za ta mayar. Daga sa'ad da ta rage yatsa biyu a saman ƙasa zuwa ta sauka, shi ke nan abin da muke da shi.

Ranar farko ya ɗauki takwas, amma na ga fuskarsa. A hanyar dawowa ya matso kusa da ni ya ce a hankali kan Inna yana rawa. Gaskiya ne, ya yi shekaru yana 'yar kakkarwa, mun saba har mun daina gani, amma kyamara ba ta da kara. Ya ƙara da cewa hannuna ma yana rawa, hasken yana tsalle a fuskarta. Na ce shi ya zo ya riƙe siniya mai faɗin ƙofa na minti goma mu gani. Rana ta biyu wasu suka sa wa karan gona wuta a can yamma, hayaƙi ya haɗiye ranar tun ba ta sauko ba, muka dawo ba a ɗauki ko ɗaya ba. Saura rana guda, don in bai hau motar Khartum da safen jibi ba hoton ba zai riski Alhaji Kassim ba. Ban taɓa ganin yayana ya kasa cin abinci ba sai ranar.

Rana ta uku sama ta yi fes. Na shafa wa Inna man riɗi kaɗan a kumatu, don Haladu ya ce maiƙo yana taimaka wa haske ya kama bakin tsaga. Na durƙusa na kafa gefen siniyar a kan gwiwata yadda ba za ta motsa ba. Ya leƙa cikin kyamarar, ya daɗe, ya ɗago ya dube ni ya girgiza kai kaɗan. Ashe Inna ta ji raɗarmu ta shekaranjiya, don kunnenta bai tsufa ba.

"Ku ɗora mini kaya," ta ce.

Muka dubi juna.

"Kan nan tun daga Yamma da kaya ya zo. Ba ya rawa sai in ba kome a kansa. Atine, yi mini gammo."

Na naɗe ɗankwalina na ɗora mata. Haladu ya ɗebo riɗi daga buhun ya cika kwanon shan ruwanmu, yana gunaguni cewa an ɓata masa zaman kyamara, ya sake danna ta ya sake saitawa. Na ɗora mata kwanon. Wallahi ina kallo wuyan nan ya miƙe, kafaɗu suka koma baya, kan ya tsaya cak. Na tuna ta tana dawowa daga bakin kogin Rahad da tulu a ka da ni a gefenta, sai na ji hawaye yana neman ɓata mini aiki. Na cije na riƙe siniyata.

Ya murɗa ɗan hannun, ya koma gefe, gyaren ya yi kuka, kyamara ta ɗauka. Ya sake. Wasu ya yi su a ɗaya cikin talatin na daƙiƙa, wasu a ɗaya cikin sittin, don ko ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi daidai. Ranar tana saman kafaɗarta ta dama, ja wur, tana sauka a hankali. Da ta taɓa ƙasa aka fara kiran salla daga cikin gari, masallaci bayan masallaci, Inna kuwa da ba ta taɓa barin kiran magariba ya same ta ba alwala ba, ko gezau ba ta yi ba sai da ya ce an gama. Sannan ta sauke kwanonta da kanta, ta hau mu da faɗa cewa mun tsayar da tsohuwa a fili da almuru kamar ba mu da tarbiyya. Sama ta yi launin nan da yake cewa wawa ne ke tafiya ya bari. Ko ɗaga kai bai yi ba, yana can yana naɗe filim ɗinsa a cikin ƙyalle.

Kwana uku ya yi a Khartum. Ya dawo da ƙurar hanya a gemu, bai biya gidansa ba sai da ya leƙo ya kira ni, muka tafi tare. Takwas ɗin farko kuwa, kamar yadda ya faɗa, kamar an shafa su da hannun riga. A cikin sha shidan uku sun yi kyau, ɗaya kuma ya fi duka, shi ya sa aka yi masa babba saboda idon tsoho. Ga Inna a zaune a miƙe, tob ɗinta fari, lulluɓin da ta yafa, ya koma ruwan zuma, gindin kwanon kaɗai ya shigo daga sama. Ga rana a bayanta, ja, a kewaye tsaf. Kumatun hagu kuwa kana iya ƙirga zuben da yatsa, na uku ya tafi ya tafi, dab da kunne ya rabu biyu. Inna ta riƙe shi nesa da ido ta daɗe tana kallo. Ta ce ashe ta tsufa haka. Ba ta yaba masa ba, ba halinta ba ne, amma ranar da hannunta ta tuƙa masa asida, tuwon nan namu na dawa, ta ce a ƙara masa man shanu.

Alhaji Kassim ya sa hoton a cikin leda, ya haɗa da fasfonsa. Bayan ƙaramar salla ya dawo ya ce ya damƙa wa Sale hannu da hannu, Sale ya duba ya ce shi bai san abin da ake nema ba, sai abin da tsoho ya ce. Daga nan sai jira. Haladu ya rame. Kullum sai ya ce da ma ya matso da kyamarar taku ɗaya, da ma ya sa na ƙara sunkuyar da siniyar, in idon Kawu ya mutu fa. Inna kuwa ta daina zuwa ko'ina, wai kada saƙo ya zo ba ta nan.

Ba su taɓa haɗuwa ba, gara in faɗa tun yanzu. Kawu Wada ya rasu shekara biyu bayan haka, Inna ta bi shi da shekara ɗaya. Abin da suka samu shi ne wanda ya zo bayan babbar salla, ruwan farko ya sauka, laka ta fara kama takalmi. Wani alhaji mutumin garin Fau ya yi sallama da hantsi, ya ce a Makka aka ba shi wannan ya kawo gidan mai hoto a Deim Bakur. Kaset ne, a naɗe da takarda. Aka aika shago aka kira Haladu, na kawo rediyona, muka zauna a tsakar gida kusa da angareb ɗin Inna.

Muryar Sale ce ta fara, da gaisuwa mai tsawo, gida gida, har da dabbobi. Sannan ya ce bai gaya wa mahaifinsa komai ba, hoton kawai ya sa masa a hannu. Tsohon ya tashi ya fita da shi bakin zaure inda haske yake, ya kawo shi dab da ido, ya bi kumatun da farce tun daga gefen baki har kunne, sai ya zauna a ƙasa a inda yake. Da ya samu bakin magana, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ɗauki wannan, ya ce a gaya masa Allah ya yi wa hannunsa albarka. Na dubi Haladu. Ya sunkuyar da kai yana ta gyara maɓallin rigarsa da ba abin da ya same shi, mutum mai shekara hamsin.

Sai aka ji motsi, aka ji tari, aka ji wani yana cewa Baba ga shi nan, yi magana a nan. Wata tsohuwar murya ta fito, ba sallama ba gaisuwa.

"Kande."

Ba mai wannan suna a gidanmu. Na dubi Haladu, ya dube ni. Kaset ɗin yana juyawa amma ba abin da ke fita sai kukan wata kaza a can nesa. Shirun ya yi tsawo har Haladu ya miƙa hannu zai duba ko zaren ya sarƙe. Inna ta riƙe masa hannu.

"Bar shi," ta ce. "Jira yake in amsa."

Ta gyara mayafinta, ta matso bakin gadon, ta sunkuyo wajen rediyon.

"Na'am, Yaya."